Wa za mu gaya wa? Tarihin rigar kariyar ƙungiyoyin duniya, daga Dakoro

A damanar 2005 ina hutun ƙarshen shekara a gida Dakoro, shekarata biyu ke nan da fitowa daga makarantar horon malamai ta Maraɗi. Wanda ya ga waccan damana ba ya buƙatar a tuna masa. Tiyar gero ta yi tsadar da har yau tsofaffi ke ambato, makiyaya na karyar da shanunsu a kuɗin banza, mata kuma na tururuwa da yara masu tamowa zuwa cibiyar da ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, ta buɗe a garin. Ba mu taɓa ganin fararen motoci a hanyoyinmu kamar wannan shekara ba.

Ɗaya daga cikin motocin, ta wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai ofis a Yamai, ita ce ta banke san amalanken kawuna da yamma, yana dawowa daga ɗebo ruwa. Ƙafar san ta karye, aka yanka shi a wurin, aka raba naman bashi ga mutanen da ko kuɗin hatsi ba su da shi. Direban Bahaushe ne ɗan'uwanmu. Ya sauko, ya ba da haƙuri, ya rubuta wata lamba a 'yar takarda ya miƙa wa Kawu. Da muka kai ƙara washegari, aka ce mana wannan mota ba a tsare ta, masu ita ba a kiran su gaban alƙali, magana ce ta Yamai. A hanyar komawa gida Kawu ya dube ni ya ce, "To Mushe, kai da ka yi boko, wa za mu gaya wa?" Na ce, "Kawu, bari in rubuta musu." Na zauna na tsara wasiƙa da Faransancin da nake taƙama da shi a lokacin, na aika. Amsa ba ta zo ba.

A wannan damanar dai, jikar Kawu ta kwanta a cibiyar tamowa mako uku, ta fito da ranta, yau ma tana da 'ya'ya. Shi ya sa ba na cikin masu zagin farar mota a jumlace. Amma tambayar Kawu ta zauna mini a rai, ita ce ta sa na bi diddigin abin da 'yan jarida ke kira rigar kariya, domin in san wa ya ɗinka ta, kuma da wane sharaɗi aka ba da ita.

Kare manzo ba Turawa suka kawo mana ba. A fiƙihu akwai babin amana, wanda ya hana taɓa baƙon da ya shigo da izini, kuma malamai na kafa hujja da yadda Manzon Allah (SAW) ya bar 'yan aiken Musailama suka koma lafiya duk da munin saƙon da suka kawo. A 1853, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba kusa da Wurno, abin da ya fi nema shi ne takardar aminci ga 'yan kasuwar Ingila da za su zo bayansa, kuma aka ba shi. Sai dai manzo yana da sarki a bayansa. In ya yi ɓarna, a kore shi, a aika wa ubangidansa, can a gida a hukunta shi ko a biya diyya. Ita kuwa ƙungiyar ƙasa da ƙasa baƙuwa ce marar gida. Ba ta da ƙasa, ba ta da alƙalan da talaka zai iya zuwa wurinsu, ko'ina ta zauna a gidan wani take. Duk rikicin da zan ba da labari daga nan ya taso.

An fara fuskantar matsalar sosai bayan yaƙin duniya na farko, da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Al'ummai a Jeneba a 1920. Yarjejeniyarta ta ba ma'aikatanta kariya irin ta jakadu, aka kuma tsara zaman da gwamnatin Suwizalan a 1926. Da aka zo kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a San Francisco a 1945, sai aka sauya ma'auni. Sashe na 105 na kundinta ya ba ta alfarma da kariya gwargwadon abin da aikinta yake buƙata. Ma'ana, rigar ta aikin ce, mutum aro yake yi.

Ranar 13 ga Fabrairu 1946, a Landan, babban zauren Majalisar ya amince da yarjejeniyar da ta fayyace abin. Ba a kai Majalisar ko dukiyarta gaban kotun wata ƙasa sai in ita ta yarda. Ba a shiga ofisoshinta, ba a buɗe takardunta. Ba ta biyan lanho, kayan aikinta ba sa biyan kuɗin duwan. Ma'aikatanta ba a tuhumar su kan abin da suka faɗa, ko suka rubuta, ko suka aikata a bakin aiki, kuma albashinsu ba ya shiga haraji. A 1947 aka yi makamanciyarta ga hukumomi irin su ta lafiya, WHO, da ta abinci da noma, FAO, da UNESCO.

Duk lokacin da na zo kan 1946 a darasin tarihi sai na ɗan tsaya. A shekarar ce Faransa ta soke dokar 'yan ƙasa, wadda ta ba kumandan ikon ɗaure baƙar fata ba tare da shari'a ba, kuma a watan Afrilu aka soke aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Kakanninmu sun yi shekaru suna zaune da mutanen da alƙalinsu bai isa ya kira ba. Saboda haka in dattijo a Kornaka ko Birnin Lalle ya ji an ce ga wani baƙo da ba a kai shi ƙara, ba sashe na 105 zai tuna ba, kumandan zai tuna. Masu aikin ƙungiyoyin nan da yawa ba su san da wannan tabo ba.

Amma a yi adalci, akwai dalilin ɗinka rigar. Ƙungiyar da ƙasashe kusan 200 suke haɗa kuɗi suna riƙe da ita, in alƙalin ƙasa ɗaya zai iya rufe asusunta ko ya kama ma'aikacinta don ya rubuta rahoton da bai yi wa shugaba daɗi ba, to ta zama 'yar amshin shatan mai masauki. Kuma ƙananan ƙasashe irin tamu su suka fi buƙatar wannan shinge, domin manyan ofisoshin suna gidajen manya ne. Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar mazauni a 1947, ta ɗauki alkawarin barin baƙin Majalisar su shiga New York. Da ta hana Yasser Arafat biza a 1988, sai babban zauren ya kwashe ya koma Jeneba a watan Disamba domin a saurare shi. A shekarun 1990 wasu kamfanoni a Malesiya suka kai wani lauya mai binciken Majalisar, Param Cumaraswamy, ƙara kan hirar da ya yi game da alƙalan ƙasar, suna neman diyyar miliyoyi. Kotun Duniya ta ce a 1999 yana da kariya. Ba don haka ba, babu mai binciken da zai sake buɗe baki.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rigar da bashi ta zo. Sashe na 20 na yarjejeniyar 1946 ya ce wajibi ne Babban Sakatare ya tuɓe wa ma'aikaci kariya in za ta hana a yi adalci, matuƙar hakan ba zai cutar da Majalisar ba. Sashe na 29 kuma ya ɗora wa Majalisar nauyin samar da hanyar warware ƙorafin mutane a kanta, irin na kwangila ko na ɓarnar dukiya. Wato an rufe ƙofar kotu ne bisa alkawarin za a buɗe wata. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ma ta bi wannan hanya a 1999, inda ta ce a duba ko mai ƙara yana da wata ƙofar da zai bi kafin a yarda da kariyar.

Haiti ce ta nuna wa duniya abin da ke faruwa in an riƙe rigar aka manta da bashin. A Oktoba 2010 kwalara ta ɓarke a ƙasar, bincike ya gano ta fito daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya 'yan Nepal, inda ƙazanta ta malala cikin ruwan da ke shiga kogin Artibonite. Kimanin mutum 10,000 suka mutu, fiye da 800,000 suka kamu. A 2011 lauyoyi suka shigar da ƙorafin mutum 5,000. A Fabrairu 2013 Majalisar ta ce ƙorafin ba karɓaɓɓe ba ne. Suka tafi kotun Amurka, kotu ta ce akwai kariya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Agusta 2016. Sai a Disamban shekarar Ban Ki-moon ya nemi gafarar mutanen Haiti, aka yi shelar asusun dala miliyan 400 wanda ɗan kaɗan daga ciki ya samu. Da na karanta wannan labari, sai san Kawu ya zama ƙaramin abu a idona, amma tambayar iri ɗaya ce.

Mu dawo gida. Nijar ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 20 ga Satumba 1960, kuma a Agusta 1961 ta sanar cewa ta gaji yarjejeniyar 1946, wadda Faransa ta shiga tun muna ƙarƙashinta. Daga nan Yamai ta zama mai masaukin baƙi da yawa. Hukumar Kogin Kwara ta zauna can tun 1964, ta koma ABN a 1980. A Yamai aka haifi hukumar da ta zama ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ranar 20 ga Maris 1970, zamanin Diori Hamani. Bayan babban fari aka kafa cibiyar AGRHYMET a 1974, daga baya ga cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore, ga Jami'ar Musulunci ta Say. Baƙi irin waɗannan da yarjejeniyar mazauni suke zama, kuma gwamnatocinmu sun yi marhabin da su, domin suna kawo aiki, da kuɗin haya, da suna. Mu da ke karantar da tarbiyyar ɗan ƙasa a aji, ba mu taɓa riƙe ko ɗaya daga takardun nan a hannu ba.

Wani abin da na daɗe ban gane ba shi ne fararen motocin ba ɗaya suke ba. Akwai na ofisoshin jakadanci, waɗanda yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta rufe. Akwai na ƙungiyoyin da gwamnatoci suka kafa, masu rigar da nake bayani. Sai kuma na ƙungiyoyi masu zaman kansu, ONG, waɗanda su ne suka fi yawa a Dakoro. Waɗannan ba su da rigar kariya. Suna aiki ne da izinin gwamnati, ƙarƙashin dokar ƙungiyoyi ta 1984 ta zamanin Seyni Kountché da abin da ya biyo bayanta, kuma alfarmar da suke samu galibi ta yafe kuɗin duwan ce a kan kayan aiki. Ana iya kai su ƙara, ana iya rufe su da takarda ɗaya. Talaka bai san wannan ba, wani lokaci ma wanda aka kai wa ƙarar bai sani ba, sai kowace farar mota ta ci albarkacin rigar da ba tata ba.

Mun ga bambancin da idonmu. A 2005 Shugaba Tandja Mamadou ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar, ya zargi masu agaji da zuzuta lamarin. Duk da haka Kofi Annan ya zo Damagaram a watan Agusta ya duba yaran da kansa, hukumomin Majalisar kuma suka ci gaba da aiki. MSF, wadda ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a wannan shekara, ba ta da wannan shinge. A Yuli 2008 aka dakatar da reshenta na Faransa a Maraɗi, zuwa ƙarshen Oktoba ya tattara ya bar ƙasar. Iyayen yaran da ke karɓar magani ba wanda ya tambaye su.

Ita rigar ma takarda ce, ba ta tare harsashi. A Disamba 2008 aka sace Robert Fowler, manzon musamman na Majalisar a Nijar, a kusa da Yamai, ya yi wata huɗu a hannun 'yan bindiga. Mu kuma nan Dakoro ba za mu manta daren 14 ga Oktoba 2012 ba, da aka shigo gari aka tafi da ma'aikatan agaji shida. Ɗaya, ɗan Chadi, ya rasu sakamakon raunin da ya samu, sauran biyar aka sako su a farkon Nuwamba. Ma'aikatan ƙungiyoyin Afirka ne, BEFEN ta Nijar da Alerte Santé ta Chadi, ba masu fasfo na musamman ba. Galibi haka abin yake: wanda ya fi kusa da haɗari shi ya fi ƙarancin sutura.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 sai tarihin ya juya da sauri. A watan Satumba wakilin sabbin hukumomi bai samu hawa mumbarin babban zauren Majalisar ba, saboda taƙaddamar wane ne halattaccen wakilin Nijar. Ranar 10 ga Oktoba gwamnati ta ba babbar jami'ar Majalisar a Yamai, Louise Aubin, sa'o'i 72 ta fita. Ofishin Babban Sakatare ya ce umarnin ya saɓa wa kundin Majalisar da kariyar da aka ba ta. A fahimtar Majalisar, korar jakada al'ada ce tsakanin ƙasa da ƙasa, ma'aikacinta kuwa ba jakadan kowa ba ne. Amma dai ta fita. Ranar 4 ga Disamba 2023 aka soke yarjejeniyar EUCAP Sahel, tawagar Tarayyar Turai da ke horar da jami'an tsaro tun 2012, kuma sanarwar ta ambaci janye alfarma da kariyar da aka ba ta. A Maris 2024 aka soke yarjejeniyar zaman sojojin Amurka. A farkon 2025 aka soke yarjejeniyar mazaunin kwamitin ƙasa da ƙasa na Red Cross, CICR, wanda ke aiki a Nijar tun 1990, ya rufe ofisoshinsa a watan Yuni. Shi CICR lamarinsa daban ne. Asalinsa ƙungiya ce ta Suwizalan da aka kafa a 1863, amma ƙasashe na ba shi kariya irin ta ƙungiyoyin gwamnatoci, domin wanda ke shiga kurkuku da fagen yaƙi ba zai samu shiga ba in kowane ɓangare na tsoron gobe za a tilasta masa ba da shaida a kotu.

A majalisar shayi ta ƙofar gidanmu an yi ta muhawara a kan waɗannan matakai. Wasu na cewa ƙasa ta karɓi mutuncinta, wasu na lissafin rijiyoyi da allurar dabbobi da albashin 'yan gari da suka tafi tare da baƙin. Ni abin da tarihin ya nuna mini shi ne mai masauki bai taɓa rasa ƙarfi ba. Tandja ya nuna haka a 2008, an sake nunawa daga 2023. Gwamnati in ta ji haushi tana da takardar kora, ƙungiya in an taɓa ta tana da lauyoyi da sashe na 105. Wanda bai da komai a hannu, da can da yanzu, shi ne mai amalanke. Zamanin da ake ba da rigar hannu sake bai samu wurin kai kuka ba, korar baƙo ma ba ta biya shi sansa ba.

Baƙi za su sake zuwa, wasu daga ƙasashen da ba mu saba da su ba, kuma kowannensu zai nemi rigarsa kafin ya sauke kaya. Da za a ji ta bakin malamin firamare, da na ce kada a sa hannu sai an rubuta inda talaka zai kai ƙorafi a cikin jiharsa, ba sai Yamai ba, da harshen da yake ji, da adadin kwanakin da za a ba shi amsa. A kuma buga yarjejeniyar, a karanta ta a gidajen rediyon karkara, jandarma da hakimi da mai gari su san wace mota ce ke da kariya, wace ce ba ta da ita, kuma kariyar ta tsaya a ina. Wannan ba sabon sharaɗi ba ne, sashe na 29 ne aka sauko da shi daga Landan zuwa bakin kasuwar Dakoro.

Akwai wani ƙuduri da na ci karo da shi a makare. A ranar da aka amince da yarjejeniyar, 13 ga Fabrairu 1946, babban zauren ya umarci Babban Sakatare ya tabbatar motocin Majalisar suna da inshorar da za ta biya wanda suka yi wa ɓarna, don kada kariya ta zama mafakar mai tuƙin ganganci. Ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa a kan wannan tsari suke tafiya. Da na karanta haka sai na buɗe akwatin takarduna na ciro 'yar takardar da direban nan ya ba Kawu, wadda na adana tare da kwafin wasiƙata. Na kai wa wani abokina da ya yi aikin tuƙi a irin waɗannan ofisoshi. Yana dubawa ya ce lambar inshorar motar ce, da mun kai ta kamfanin tare da takardar shaidar haɗari a makonnin farko, da wataƙila an biya. Kawu ya rasu shekara uku kafin wannan rana. Amalanken yana nan a zauren gidansa, ɗansa ke jan sa da jaki.